Manyan Tayoyin Amalanken Jirgi

Jirgin ruwan yana kife a bakin wata gonar gero, nesa da kowane kogi, a kan hanyar burjin da ta rabu da titin Daura zuwa Mai'aduwa ta nufi madatsar ruwa. Amalanken ƙarfen da ake ɗora shi a kai mota ta ja ya karkace a gefensa. Tayar dama tana sama, ta hagu babu ita. Kalilu matuƙin jirgin, wanda ke zaune cikinsa yana riƙe da injin don kada gargada ta buga shi, ya cika a asibiti tun kafin la'asar.

Sufeto Murjanatu Yelwa ta iso wurin tare da Kofur Auta, ta tarar mutane sun riga sun gama shari'a. Wasu sun ce mai facin da ya canja tayoyin ne. Wasu sun ce tsamiyar da ke kan gangarar ce, don ga awakin wani makiyayi nan kwance a kusa da ita, matattu, ciki a kumbure, a ranar da aka rasa mutum. Sufeto ta daɗe a aikin nan, ba ta taɓa samun tsamiya da laifi ba.

Wani mutum mai tsabtar kaya ya ratso taron. Malam Nagoggo ne, ma'ajin wata ƙungiyar manoma a Daura. Ana ta yi masa sannu, ana sa masa albarka.

"Ranki ya daɗe, ni na kai shi asibiti," in ji shi. "Daga Mai'aduwa nake, ruwa ya ɗauke ke nan, na tarar da su. Direban motar da ke jan jirgin yana ta kuka. Muka sa Kalilu a motata, ban tsaya ko'ina ba. Sai dai kwana ya ƙare."

"Allah ya jiƙansa. A ganinka me ya jawo?"

"Ai ba sai an tambaya ba. Nu'uman mai faci ne. An ba shi aikin sa manyan tayoyi, rim ɗin bai hau ba, ya ɗauki magagari ya goge ramukan, ya cusa shi haka nan. Wasa da ran mutane!"

"Ina tayar da ta fita?"

"Ba a gan ta ba tukuna. Ta yi cikin gona."

Auta ne ya gano ta, can cikin geron. Ta faɗi rigingine, cikin rim ɗin, wato ƙarfen da robar tayar ke kai, maƙil da ruwan sama. Rim ne mai shuɗin fenti, tsoho. Sufeto ta zubar da ruwan ta duba ramukan nan biyar. An goge su, babu shakka, bakin kowanne yana ƙyalli.

Ta dawo ta bi hanyar a ƙafa, ido a ƙasa. Ta tsinci notuna biyu cikin tsakuwa. Kowanne yana ɗaure tam a kan guntun ƙusar da ya riƙe. Ta naɗe su a hankici.

Daga nan ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin jirgin. Ƙasar wurin a bushe take ƙayau, alhali ko'ina taɓo ne. Ranar an fara ruwa tun da hantsi, bai ɗauke ba sai wajen azahar.

A gefen hanya, inda amalanken ya sauka daga burji, tayar dama ta yanka ƙasa har ruwa ya kwanta a sawun. Ya fi sawun motar da ta ja shi zurfi. Jirgin kuwa na roba ne mai tauri, 'yan maza kaɗan sukan ɗaga shi.

Makiyayin, wani dattijo mai suna Jibril, yana tsugune gaban awakinsa.

"Baba, me suka ci?"

"Ba su ci komai ba, 'yata. Ruwan nan da ya taru suka sha. Kafin in kora su gaba sun fara rawar jiki, suna kumfa." Ya kalli tsamiyar a kaikaice. "An ce wurin ne."

"An ce." Ta juya wajen Auta. "Cika gora da ruwan nan. Ka roƙi Baba akuya ɗaya, ka kai wa likitan dabbobi."

A ofishin 'yan sanda Nu'uman mai faci yana bayan kanta, ido ɗaya a kumbure. Matasa ne suka kawo shi, bayan sun ƙone rumfarsa da injin ba da iskarsa. Babban jami'in ofishin ya tare Sufeto a ƙofa.

"Gari ya ɗau zafi, Murjanatu. Mutumin nan shi ya taɓa tayoyin. A rubuta kisa ta ganganci, jibi a kai shi kotu, kowa ya huta."

"Yallaɓai, a ba ni gobe."

"Gobe kawai."

Ta sa aka fito da Nu'uman, ta ba shi ruwa.

"Wa ya kawo maka amalanken?"

"Mansur, direban Alhaji Abdulmuhaimin mai jirgin. Shekaranjiya. Ya ce Alhaji ya ce a cire ƙananan, masu lamba sha uku, a sa masu sha biyar. Wai ƙananan suna nutsewa a yashi."

"Kai ka sayo manyan?"

"A'a. Da su ya zo, rim da taya, a bayan a-kori-kura."

"Sun hau daidai?"

"Sun hau, Hajiya."

"Ba ka taɓa su da komai ba?"

"Wallahi ɗaurawa kawai na yi."

Ta yi wa Auta alama, ya mirgino tayar ya jingine ta a jikin teburi. Ta sa yatsa a ɗaya daga ramukan masu ƙyalli. Nu'uman ya sunkuyar da kai.

"Malam Nu'uman, a garin nan yanzu mutum ɗaya ne bai yanke maka hukunci ba, kuma shi kake yi wa ƙarya."

"Tsoro ne, Hajiya." Ya ɗago kai. "Ramukan biyar ne, ƙusoshin biyar, amma tazararsu ta ɗan bambanta. Na ce da Mansur ba za su hau ba. Ya koma gefe ya yi waya, ya dawo ya ce an ce in goge. Na goge kaɗan. Na ɗaure notunan, har na hau kan sifana da ƙafata."

"Da wa ya yi wayar?"

"Na ɗauka Alhaji ne."

"Wa kuma ya ga kana gogewar?"

"Babu kowa. Ana sallar azahar ne, layin duk an watse."

Ta kwance hankicin ta sake duba notunan. Notin da ba a ɗaure ba warwarewa yake yi ya faɗi shi kaɗai, ya bar ƙusarsa a jikin ƙarfe. Waɗannan ba su warware ba. Ƙusoshin ne suka karye.

Washegari da safe ta je gidan Alhaji Abdulmuhaimin Zulfa, dillalin shanu. Shi ya sayi jirgin sadaka, don mutanen ƙauyukan da ke ƙetaren madatsar su riƙa samun hanya idan damina ta yanke su. Ta same shi a zaure, idanunsa jajur.

"Ni na ce a canja taya? Hajiya Sufeto, ina Mashi wajen shanu tun farkon mako, ki tambayi duk 'yan kara. Jiya aka kira ni da mummunan labari. Tayoyin nan ƙanana tun da na sayi jirgin suke kai shi suna dawo da shi. Me suka yi mini?"

"Ka san za a fita da jirgin jiya?"

"Sai dam ya cika muke kai shi, kuma bai cika ba. Da na tambayi Mansur, cewa ya yi Kalilu ne ya so gwada injin."

"Kana da mota mai shuɗin rim?"

"Ga motocina nan a waje, na ɗaukar shanu ne. Tayar kowacce ta kai ƙugunki."

Ta duba. Haka ne. Auta ya buga waya Mashi, aka tabbatar masa Alhaji yana can, har an faɗi inda ya kwana.

Mansur yana rakuɓe a bayan gidan, kusa da a-kori-kurarsa. Magidanci ne, siriri.

"Ka ce da mai faci Alhaji ne ya sa a canja. Alhaji ya ce bai sani ba."

"To, gaskiya marigayi ne ya so. Na faɗi sunan Alhaji ne don a yi aikin da wuri."

"Rim ɗin fa?"

"Marigayi ne ya samo."

"Wayar da ka yi a wurin mai faci?"

"Da marigayi."

"Kalilu ya yi aiki da yawa a makon nan," in ji Sufeto. "Yaushe kuka faɗi?"

"Bayan ruwa ya ɗauke. Santsi ne a gangarar, sai na ji ƙara. Nan take Allah ya kawo Malam Nagoggo."

"Me ke cikin jirgin?"

"Inji da marigayi. Sai tamfol."

"Kawai?"

"Kawai, ranki ya daɗe."

Ta bar shi da Auta ta wuce gidan rasuwa. Maza suna zaune a ƙofar gida kan tabarmi. Inda 'yan sanda maza kan tsaya ke nan su dawo da abin da maza suka sani. Ita ta yi sallama ta shige har ɗakin Adama, matar marigayin, wadda ke zaune cikin lulluɓi da carbi a hannu.

"Yaya Adama, ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya."

"Allah ya sa ya huta. Ki gafarce ni, ba lokacin tambaya ba ne, amma akwai wani bawan Allah a tsare. An ce mai gidanki ne ya so a sa manyan tayoyin."

Adama ta ɗago kai da sauri. "Wa ya faɗa? Shi da ya wuni yana mita a kansu! Ya ce sun ɗaga jirgin sama. Da can mota takan ja baya kaɗan jirgi ya sulale cikin ruwa. Yanzu wai sai motar ta shiga ruwa har cikinta kafin ya taso. Ya ce wanda bai taɓa jiƙa wandonsa ba ne ya yi wannan dabarar."

"Ya faɗi ko waye?"

"Bai sani ba. Shi ma ganinsu ya yi."

"Kayan da ke jikinsa suna nan?"

Aka ɗauko rigar daga kan igiya. Ba a wanke ta ba, an dai shanya.

"Sharkaf aka kawo ta," in ji Adama, "kamar an tsamo ta daga rijiya. Da ta bushe kuma sai ga wannan. Mata suna ta cewa alama ce."

Bayan rigar ya yi fari fat, ya sandare kamar an barbaɗa gishiri. Sufeto ta murza da yatsa ta shinshina. Ita ma 'yar manoma ce.

Tana fitowa likitan dabbobi ya kira ta. Awakin takin zamani suka sha, farin nan mai kamar sukari da ake kira yuriya. Idan ya narke a ruwa dabba ta sha da yawa, ba ta daɗewa. Ta biya asibiti. Likitan da ya karɓi Kalilu ya ce jini ne ya zuba masa a ciki, a hankali, kuma jikinsa ya yi sanyi ƙwarai kafin a kawo shi.

"Da an kawo shi da wuri fa?"

"Rai na Allah ne, Hajiya. Amma mun ceci waɗanda suka fi shi rauni."

Bayan azahar ta isa siton takin ƙungiyar manoman da Malam Nagoggo ke yi wa ma'aji, Auta yana biye a motar ofis da Mansur da tayar nan. Manoma suna zaune a inuwar katanga. Gero ya kai lokacin taki, kullum ana ce musu a ƙara haƙuri, ba a gama tsara rabo ba.

Ba ta nufi ƙofa ba, ta zagaya baya. Can wata tsohuwar bas ta ƙungiyar take, ta mutu tun bara, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Tayoyin gaba suna nan, rim ɗinsu shuɗi. Bayanta kuwa a kan bulo yake. Auta ya mirgino tayar ya ɗaga ta, ta zauna a kan ƙusoshin bas ɗin kamar ba ta taɓa barin wurin ba.

Malam Nagoggo ya zagayo da makullai a hannu, fuska a sake.

"A'a, ranki ya daɗe, lale. Har an gama da mai facin?"

"Saura kaɗan. Malam, wa ke kula da motar nan?"

"Duk kayan ƙungiya a hannuna suke. Amma ɓarayin unguwa ba sa barin komai."

"Ka kai ƙara an sace tayoyi?"

"Tsofaffin tayoyi? Ban ga abin damun hukuma ba."

"Jiya ka ce mini an goge ramukan rim. Ka ga tayar ne?"

"Ai kowa ya gani."

"Lokacin da ka faɗa tana cikin gero, babu wanda ya gan ta. Ta dama kuwa notunanta suna rufe da ramukan. Mai faci shi kaɗai ne a layinsu sa'ad da ya yi gogewar. Mutum uku suka sani: shi, da Mansur, da wanda Mansur ya yi wa waya."

"Mansur ne ya gaya mini a hanyar asibiti."

"Kuna ɗauke da mutum yana mutuwa, kuna hirar magagari?" Ta miƙa hannu. "Buɗe mana siton."

"Sai shugaban ƙungiya yana nan. Doka ce."

Manoman sun riga sun taso sun kewaye su. Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Ai ni ne shugaban, Nagoggo. Buɗe."

Daga ƙofa buhunan taki sun kai rufi, gwanin sha'awa. Auta ya janye biyu daga layin gaba ya leƙa. Bayansu fili ne, sai katakon da ake jera buhu a kai. Manoman suka fara salati.

Sufeto ta sa aka fito da Mansur daga mota. Ba ta ɗaga murya ba.

"Bari in gaya muku abin da ya faru, inda na yi kuskure ku gyara mini. Ana neman hanyar fitar da takin nan zuwa ƙetaren iyaka ba tare da an tare shi ba. Motar kaya ana bincika ta. Jirgin sadakar Alhaji kuwa, da tamfol a kai da Kalilu zaune, kowa hannu yake ɗaga masa. A kai shi dam, a haye da buhunan, masu babura su karɓa a ɗaya gefen. Abin da ya hana shi ne ƙananan tayoyi ba za su ɗauki nauyin ba. Sai aka ciro manya daga bas ɗin nan."

Ta ɗaga noti ɗaya.

"Mutane suna ganin idan taya ta girma, abin hawa ya ƙara ƙarfi ke nan. Taya ce kawai ta girma. Ƙusoshin da ke riƙe da ita su ne dai na jiya, na ɗaukar jirgin roba. Aka lafta musu buhuna, aka bi gangara mai gargada, suka karye. Ga notin nan a ɗaure. Ga sawun amalanke ya fi na mota zurfi. Buhu ya fashe a wurin, kuka kwashe abin da kuka iya, ruwa ya narkar da saura, awakin Baba Jibril suka sha."

"Ƙage ne," in ji Nagoggo. "Ni taimako na yi."

"Yanzu zan zo kan taimakon. Kun ce bayan ruwa kuka faɗi. Ƙarƙashin jirgin a bushe yake. Tayar da ta fita cike take da ruwan sama. Rigar Kalilu sharkaf aka kai ta gida. Kafin ruwa kuka faɗi, da hantsi. Asibiti kuwa sai bayan azahar." Ta juya ta kalli direban. "Mansur, tsakanin hantsi da azahar, ina Kalilu yake?"

Mansur ya dubi Nagoggo. Nagoggo yana kallon makullansa.

"Likita ya ce da an kai shi da wuri, da wataƙila yau yana gida. Kuma gobe za a kai wani mutum kotu a kan aikinku. Ina Kalilu yake?"

Mansur ya zauna a ƙasa.

"A gindin tsamiya muka kwantar da shi. Malam yana biye da mu a motarsa tun daga gari. Na ce mu kai shi asibiti. Ya ce in aka zo aka ga buhunan mun shiga uku, mu fara kwashewa, ai yana magana, ba wani ciwo ba ne. Muka yi sawu zuwa ɗakin gonarsa, muka dawo, muka sake. Ruwa ya sauko muna yi."

"Kalilu ya san na sata ne?"

"Bai sani ba, wallahi. An ce masa rabon manoman ƙetare ne. Har murna yake." Mansur ya rufe fuska da hannu. "Duk sawun da muka dawo sai ya ce, Mansur, an gama? In ce saura kaɗan, Baba. Na lulluɓa masa tamfol, iska ta yaye. Sawun ƙarshe bai tambaya ba."

Dattijon nan shugaban ƙungiya ya zame ya zauna a bakin ƙofar siton. Sufeto ta sa Auta ya yi maza ya tura mutanen biyu cikin mota kafin manoman su harzuƙa. Ta san taron da ya ƙone rumfar mai faci jiya bai yi nisa ba, kuma ba ta fi yarda da shi yau ba don ya canja wanda yake nema.

Kafin la'asar aka samu buhunan a ɗakin gonar Nagoggo, wasu da jirwayen ruwa. Babban jami'in ya karanta bayanin, ya yi tsaki, ya sa hannu a saki mai faci.

Nu'uman ya karɓi hularsa da takalmansa a kanta. Bai tafi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa har Sufeto ta fito.

"Hajiya, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Da ban goge ramukan nan ba, da tayar ta fita?"

Amsa mai daɗi tana bakinta, kuma babu wanda zai kama ta da ita. Ta haɗiye.

"Da jirgin kaɗai ne a kai, ba na jin za ta fita. Da wancan kayan kuwa, ko ba a goge ba ƙusoshin suna iya karyewa. Suna kuma iya kai su bakin ruwa lafiya. Ban sani ba, Malam Nu'uman. Hukuma ba ta neman ka da komai. Iyakar abin da ke hannuna ke nan."

Ya daɗe yana jujjuya hular.

"Na san ba su hau ba," in ji shi a hankali. "Na faɗa, aka ce in goge, na goge." Ya share ido mai lafiyar da bayan hannu. "Ina so in yi wa iyalinsa gaisuwa. Kina ganin za su karɓa?"

"Wannan ma ban sani ba."

Ta koma ciki ta ɗauko mayafinta, ta ce da Auta ya bar motar. A ƙafa suka bi ta bakin kasuwa, ita a gaba cikin kakinta, shi a gefenta babu ankwa, mutane suna tsayawa suna kallo. Da suka iso ƙofar gidan rasuwar, hirar mazan da ke kan tabarmi ta yanke. Nu'uman ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa a bakin tabarmar, ya yi sallama. Sufeto ta tsaya a bayansa. Ba ta shiga cikin gida ba sai da ta ji wan marigayin ya amsa.